Ɗakunan Sama

Shekara tara ɗakunan sama suna rufe.
Armand ya tafi ya bar mini gida mai hawa biyu a Barre,
da amon tarinsa na masu sassaƙar dutse,
da bokitai biyar da nake jerawa ƙarƙashin rufi
duk sa'ad da dusar ƙanƙara ta fara narkewa.
Na san muryar kowanne.
Jan bokitin sarkin gaggawa ne. Na ƙarfen sai ya yi tunani kafin ya amsa.

Ana ce mini mai gidan haya.
Wace haya? Ɓera ne ɗan hayata, bai kuwa taɓa biya ba.
Kuɗin fansho ba ya hawa tsani,
iyakarsa man ɗumama ɗaki da maganin hawan jini.

Sai ga wata yarinya daga ofishin gidaje,
Corinne, takalminta duk gishirin titi,
ta baza takardu inda nake yanka albasa.
Gwamnatin jiha za ta ba da kuɗin gyara, in ji ta,
ke ki ɗora naki kaɗan a kai,
amma da sharaɗi: shekara goma
kuɗin haya ba zai tsallake layin da muka ja ba.

Na ce, gidana ne ko naku?
Ta ce, naki ne. Ruwan da ke zuba ma naki ne.
Kwana uku ina jin haushin amsar nan.
Ran na huɗu silin banɗaki ya rufto.
Na nemo tabarauna, na sa hannu wuri goma sha ɗaya.

Wendell kafinta ya zo da yaransa a watan Afrilu,
suka feɗe bangon har wutsiya:
wayoyin wuta naɗe da tsumma tun zamanin kakan Armand,
fenti mai dalma,
jaridar Faransanci da aka cusa don tare sanyi,
da takalmin jariri, ƙafa ɗaya, ban san na wa ba.
Na ajiye shi kan taga.

Kuɗin ba ya zuwa sai an gama aiki,
a kai rasit, a jira, a ƙara jira.
Sau biyu na ranta daga asusun jana'izata.
Mai duba gini ya ƙi matakalar, wai ta cika tsaye.
Na ce shekara ɗari mutane na hawanta.
Ya ce shekara ɗari suna cin sa'a.

Ɗana ya bugo daga Boston:
Mama, da baƙi masu wasan ƙanƙara kika ba,
mako guda ki kwashi na wata.
Lissafinsa daidai ne.
Na riƙe wayar ina kallon takalmin nan,
na ce ai na riga na sa hannu.
Sauran ban gaya masa ba, don ni ma ban gama saninsa ba.

A Nuwamba Tasha ta zo, mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi,
da ɗanta Milo, da jakunkunan leda bakwai.
Wata goma sha huɗu suna ɗaki ɗaya a otal ɗin bakin hanya,
suna dafa taliya a butar lantarki.
Yaron ya buɗe kowace ƙofa, ya rufe, ya sake buɗewa.
Ya ce wa uwar, wanne ne namu?
Ta ce duka.
Bai yarda ba. Ya juyo ya dube ni.

Yanzu tun sassafe ƙafafunsa ke tashe ni,
gudu, tsalle, wani abu ya faɗi.
Na yi musu magana sau ɗaya, kuma zan sake.
Ran biyar ga wata take biya, wani sa'in ran tara.

Shekara goma. Ina da saba'in da uku,
takardar nan tana iya fi ni daɗewa.

Milo ya ɗauke jan bokitin ya cika shi da ƙasa,
wai tumatir zai shuka in sanyi ya wuce.
Uku na ba Wendell.
Na ƙarfen yana nan ƙarƙashin gadona.
Rufin sabo ne, na sani,
ni ce tsohuwa.